Gyaran Katakon da Rini Ya Yi wa Dabbare-Dabbare

Wani matashin kafinta a nan Jos ya kawo tambaya, ga ta a taƙaice. Ya ƙera teburin cin abinci da katakon malaina da ya saya a Kasuwar Katako, mai aikin kuma ya ce yana son launi mai duhu irin na madaci. Ya shafa rinin katako, amma da ya bushe sai fuskar teburin ta fito dabbare-dabbare, wani wuri ya yi baƙi ƙirin, wani wuri kamar ba a taɓa shi ba. Ya ƙara shafi na biyu don ya daidaita, abin ya ƙara muni. Bai riga ya sa banish ba, kuma yana so ya san ko akwai gyara, ko kuwa ya rufe da fenti ya ba mai aiki haƙuri.

Ɗan'uwana, akwai gyara, kuma da yake ba ka sa banish ba tukuna, wahalar ta ragu sosai. Abin da zan fara roƙon ka shi ne ka rufe gwangwanin rinin nan ka ajiye, kada ka yi shafi na uku. Wurin da ya sha rini da yawa a karon farko shi ne zai sake sha a karo na biyu, wurin da ya ƙi sha kuma zai ci gaba da ƙi, don haka duk shafin da ka ƙara, tazarar da ke tsakaninsu kake ƙarawa. Gyaran da zan bayyana maka gaba ɗaya ya dogara ne a kan abu guda: a rage wa katako damar shan rini yadda ya ga dama, a mayar da mafi yawan launin saman fuskarsa, inda hannunka ne yake da iko da shi.

Katako a cikinsa tamkar damin kara yake. Idan ka zuba ruwa a gefen dami sai ya gangare, idan kuma ka zuba ta wajen da aka yanke karan sai ya shige ciki. Jijiyoyin itace ƙananan bututu ne da ruwa ke bi lokacin da bishiya take raye, kuma ba a miƙe suke tafiya ko'ina ba. Suna lanƙwasa a kusa da inda reshe ya fito, suna hawa da sauka a jikin gungume, a wasu itatuwan ma suna murɗewa hagu da dama. Lokacin da aka tsaga gungumen aka fere fuskarsa ta yi sumul, a ido kamar abu ɗaya ne, amma a wasu wuraren gefen bututun ne ke kallon sama, a wasu kuma bakinsu ne a buɗe. Inda bakin yake a buɗe rini yakan nutse ya yi duhu, inda gefe ne sai ya tsaya a sama tsumma ya kwashe shi. Wannan ne ma ya sa bakin falanki, inda zarto ya yanke, kullum yakan fi sauran jikin duhu.

Itatuwa sun bambanta ƙwarai a wannan hali. Farare marasa nauyi, irin su malaina da obeche da afara, su ne suka fi nuna dabbare-dabbare, domin suna da laushi, taurin jikinsu bai daidaita ba, sannan farinsu yana fito da duk wani bambanci fili. Madaci yana da manyan ƙofofin jijiya a warwatse ko'ina, shi ya sa yakan karɓi rini da kyau, kuma layukan haske da duhu da ake gani a jikinsa ado ne na halitta wanda ake biyan kuɗi dominsa, kada a ɗauke su aibi. Iroko da tik tasu matsalar daban ce, domin suna ɗauke da maiƙo da wasu sinadarai na kansu waɗanda kan hana rini kamawa, su kuma jinkirta bushewar banish mai mai, don haka ana goge fuskarsu da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, jim kaɗan kafin a shafa komai.

Kafin ka ɗauki samfefa, wato takardar goge katako, ka fito da teburin bakin ƙofa inda haske zai buge shi ta gefe, ka durƙusa ka kalli fuskarsa a karkace, domin siffar tabon ita za ta gaya maka abin da ya jawo shi, kuma ba kowane tabo ne laifin jijiya ba. Idan duhun ya yi kamar gajimare, babu iyaka tsayayyiya, yana bin lanƙwasar jijiya, wannan halin katakon ne. Idan ka ga farin tabo mai iyaka sarai a bakin haɗi, ko mai siffar yatsa, ko ɗigo, to gam ne. Farin gam da muke amfani da shi yakan bushe garau ba a ganinsa, ya toshe jijiya, rini ya kasa shiga, kuma goge shi da jiƙaƙƙen tsumma lokacin haɗi sau da yawa shimfiɗa shi yake yi ya faɗaɗa wurin. Idan ƙananan zagaye ne masu duhu ko layukan da suka gitta jijiya, sawun injin goge ne ko samfefar da aka ja a gicciye. Idan dogayen layuka ne masu duhu a inda shafi ɗaya ya hau kan wani, rinin ne ya bushe kafin a share shi. Baƙi mai shuɗi-shuɗi a kewayen ƙusa kuwa ƙarfe ne ya haɗu da danshi da sinadarin da ke cikin itacen. Teburi ɗaya yana iya tara uku daga cikin waɗannan, kuma a irin aikin da ka bayyana ina kyautata zaton za ka samu halin jijiya da sawun samfefa tare.

Akwai kuma wani abu game da malaina da nake so ka tsaya a kansa sosai, domin shi ne ya fi ɓata ayyuka a garin nan. Malaina tana da saurin girma, tana da sauƙin aiki, ba ta cika tsagewa ko murɗewa ba, amma tana daga cikin itatuwan da suka fi jinkirin bushewa, kuma ba ta bushewa bai ɗaya. Falanki zai iya bushewa ƙamas a sama alhali a cikinsa akwai wuraren da ruwa ya maƙale. Katako kuma yakan iso kasuwa ba da jimawa ba bayan an tsaga shi, mai saye ya ɗauka yau ya kai inji gobe. Wurin da ke da danshi ba ya karɓar rini mai mai ko mai tina, sai ya fito fari-fari a tsakiyar duhu. Idan kana da na'urar auna danshin katako, ka soka ta a ƙarƙashin teburin a wurare da dama. Kayan cikin ɗaki ana so danshinsu ya kasance tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada wani wuri ya yi wa wani nisa. Idan babu na'ura, ka manna farar leda a kan wurin da ya ƙi shan rini, ka liƙe gefunanta, ka bar teburin a wuri mai ɗumi na wasu sa'o'i. In ka ga gumi a cikin ledar, katakon bai bushe ba. Haka kuma za ka iya ɗaukar guntun da ya rage daga falankin ka riƙa auna nauyinsa kowane mako, ranar da ya daina raguwa ya bushe. In har ta tabbata akwai danshi, to babu wani shafi da zai yi magani. Ka goge rinin, ka jingine teburin a inuwa inda iska ke ratsawa ta sama da ƙasa, ka gaya wa mai aiki gaskiya cewa sai an jira. Na fi son a ji haushin jinkiri da a kai teburi gida banish ya yi fari ya ɓare bayan wata biyu.

Idan katakon a bushe yake, sai a shiga cire abin da aka shafa. Ka jiƙa tsumma da abin da ke narkar da irin rinin da ka yi amfani da shi, tina ga mai tina, sifirit ga wanda aka dama da sifirit, ka goge da ƙarfi kana bin jijiya kana sauya tsumma da zarar ya ƙazantu. Wannan ba zai mayar da katakon fari ba, amma zai ɗebe kaso mai yawa, musamman na shafi na biyu da ke zaune a sama, ya kuma hana samfefa saurin toshewa. Bayan ya bushe sai ka fara gogewa da samfefa mai lamba 100 ko 120 (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi); lamba 80 sai in duhun ya nutse sosai, domin tana barin sawu mai zurfi wanda sai an sha wahala kafin a fitar. Ka naɗe samfefar a jikin guntun katako mai lebur, kada ka riƙe ta da yatsu kawai, kuma ka goge fuskar teburin gaba ɗaya daidai wa daida. Jarabar da ke kama kowa a nan ita ce a tsaya kan baƙin wurin a yi ta dirza, sai a wayi gari an yi kwari a tsakiyar teburi, wanda ba a gani sai banish ya hau ya yi ƙyalli. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka zana layukan fensir a duk faɗin fuskar, ka goge har su ɓace tare, ka sake zanawa kafin lamba ta gaba. Daga 120 ka hau 150, sannan 180, kada ka tsallake ko ɗaya, domin kowace lamba aikinta share sawun wadda ta gabace ta. A kan fuska ka tsaya a 180. Bakunan falanki kuwa ka kai su 220 ko ma 320, saboda laushin gogewar ya rage musu sha. Kuma kada ka yi aiki da samfefar da ta mutu, domin ba ta yanka, murje katako take yi ya yi santsi, wurin kuma ya ƙi karɓar rini.

Ba lallai ne sai duk ɗigon tsohon rini ya fita ba, tunda launi mai duhu za a koma. Abin da ake nema shi ne fuskar ta zama kusan iri ɗaya. Wuraren gam sai an kankare su da ƙarfen kankara ko kaifin kurfi har a kai ga tsabtataccen katako, sannan a goge su da lambobin da aka goge sauran. Don ka tabbata, ka shafa tina a duk fuskar ka duba kafin ta bushe: duk inda gam ya rage zai fito fari, duk sawun samfefa zai bayyana, kuma wuraren da suka fi yin duhu da jiƙewar su ne za su fi shan rini.

Wannan bayanin na katako ne tsantsa. Idan saman teburi filawud ne ko allo mai siririn katako a manne, fatar da ke sama sau da yawa ba ta wuce rabin milimita da ɗan wani abu ba, kuma injin goge zai huda ta cikin ƙanƙanin lokaci. A irin wannan sai a tsaya ga wankewa da tina da ɗan shafa lamba 180 da hannu, a bar sauran gyaran ga matakin launin sama da zan zo kansa.

Game da sinadaran da ke kashe launi, amfaninsu ƙayyadadde ne. Ruwan bilic na wanki yana iya rage rinin gari da aka narkar, amma ba ya taɓa rinin da launinsa ƙasa ce niƙaƙƙiya a cikin mai. Baƙin tabon ƙarfe kuma sinadarin oksalik ne ke fitar da shi, a narkar a ruwan ɗumi, a shafa a duk fuskar, a wanke sosai bayan ya bushe. Kada a taɓa haɗa waɗannan biyun, ko a shafa ɗaya a kan ɗaya ba a wanke ba, domin suna fitar da iska mai guba. A aikinka ban ga buƙatarsu ba sai in akwai tabon ƙusa.

Yanzu ga matakin da aka tsallake tun farko, wanda shi ne zuciyar gyaran. Kafin rini ya sake taɓa katakon, za ka shafa masa sila, wato ruwan da ake toshe ƙofofin katako da shi kafin banish, wanda aka tsinka sosai. Ka fara da kashi ɗaya na sila cikin kashi uku na tina, ka shafa ko ka fesa sau ɗaya, siriri, a duk fuskar da bakunan falanki. Wuraren da ke da buɗaɗɗen baki za su zuƙe shi su ɗan toshe, wuraren da ba su sha kuma zai tsaya a sama kaɗan. Idan ya bushe sai ka shafe shi da lamba 320 da sassauƙan hannu, don ka cire na saman ka bar wanda ya nutse. Ta haka ƙarfin shan wuraren biyu ya matso kusa da juna. Ma'aunin tsinkawar ba ƙa'ida ce tsayayyiya ba, domin sila na kamfanoni ya bambanta a kauri: idan ya yi kauri rini ba zai kama ba sam, idan ya tsinke da yawa dabbare-dabbaren zai dawo. Saboda haka ka ɗauki guntun malainar da ya rage daga wannan aikin, ka goge shi daidai yadda ka goge teburin, ka raba shi gida uku, ka gwada ɗaya cikin biyu, ɗaya cikin uku, ɗaya cikin huɗu, ka shafa rini a kansu, ka kuma ɗora banish, domin launi ba ya nuna gaskiyarsa sai banish ya hau. Akwai sharaɗi guda da za ka kiyaye: rinin da aka dama da tina zai narkar da silan da aka tsinka da tina idan aka dirza shi da tsumma. In irin wannan rinin ne a hannunka, fesa shi za ka yi, ko kuma ka nemi mai mai wanda ba ya tayar da abin da ke ƙarƙashinsa. Idan ka samu rini mai kauri kamar man shafawa, wanda ba ya nutsewa can ciki, shi ya fi dacewa da irin waɗannan fararen itatuwa.

Ka sani cewa bayan wannan shafin share fage, rinin zai fito da haske fiye da yadda mai aikin yake so. Haka ake so ya fito, kada ka yi ƙoƙarin cike gibin da barin rini ya kwanta a sama ba a share ba, domin zai yi danƙo ya hana banish kamawa. Ka motsa gwangwanin har ƙasa, ka shafa a yalwace, ka share da tsumma mai tsabta kana bin jijiya tun bai fara kamawa ba, ka bar shi ya bushe sosai. Sannan ka rufe da sila cikakke, ka goge da 320. Sauran duhun a sama za a gina shi: ka zuba rini kaɗan, irin wanda ke narkewa a cikinsa, a cikin silan ko folish ɗin da za ka fesa, ka tsinka, ka fesa siriri, ka tsaya ka duba, ka ƙara. Da yake katakon a rufe yake, launin yana sauka daidai ko'ina, kuma kana iya ɗan ƙara feshi a wuraren da suka fi haske har su kamo sauran. Ka riƙa ɗora guntun gwajinka a gefe kana kwatantawa, kuma ka tsaya tun kana ganin kamar da saura kaɗan, domin ƙarawa tana da sauƙi, ragewa kuwa sai an koma farko. Idan launin saman ya yi yawa yakan binne jijiyar katako, teburin ya koma kamar an yi masa fenti. Wanda ba shi da injin feshi yana iya yin kusan haka da hannu, ya shafa rini mai mai siriri a kan busasshen sila, ya baje shi da busasshen buroshi mai laushi, ya bar shi ya bushe sarai kafin ya rufe. A ƙarshe dole a ɗora banish marar launi, shafi biyu ko uku, musamman a teburin cin abinci, domin launin da ke sama idan ya karce farin katako ne zai leƙo.

Ga wanda dabbare-dabbaren aikinsa bai yi tsanani ba, wannan mataki na ƙarshe shi kaɗai yakan isa, ba sai an goge komai ba: a wanke da tina, a rufe da sila, a daidaita da launin sama. Naka da ya sha shafi biyu har wani wuri ya yi baƙi ƙirin, ba na ganin zai tsira ba tare da gogewa ba, domin launin sama yana ƙara wa mai haske duhu ne, ba ya mayar da baƙi ya yi haske.

Yanayin Jos ma yana da hannu a wannan aiki. A lokacin hunturu iska takan bushe ƙwarai, rini mai tina ko sifirit yana kamawa kusan nan take, kuma daga nan ne layukan haɗuwar shafi suke fitowa. A irin wannan lokaci kada mutum ɗaya ya tari faɗin teburi shi kaɗai. Ɗaya ya riƙa shafawa, ɗaya na biye da shi yana sharewa, a bi falanki ɗaya daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa, a cikin inuwa, ba a rana ba, kuma a yayyafa ruwa a ƙasan shago don ƙura ta kwanta. Sanyin safiyar Disamba da Janairu yana jinkirta bushewar duk abin da ke da mai, don haka abin da gwangwani ya ce zai bushe cikin sa'o'i kaɗan ka ba shi kwana. Da damina kuma, musamman Yuli da Agusta, danshin iska yakan sa abin da aka fesa ya yi fari kamar hazo. Wannan ba laifin rini ba ne, kuma maganinsa shi ne a jira rana ta ɗaga, a fesa siriri, ko a yi amfani da tina mai jinkirin bushewa.

Ka kula da lafiyarka a duk wannan. Tina tana kama wuta da ɗan tartsatsi, warinta kuma yana illa ga ƙirji da kai, saboda haka a buɗe ƙofofi, a sa abin rufe hanci na ƙwarai da safar hannu, a nisanta janareta da garwashin mai shayi. Tsumman da ya jiƙe da rini mai mai kada a dunƙule shi a jefa cikin tarin ɓawon katako, domin yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta cikin dare. A shanya shi a buɗe a waje ko a nutsa shi cikin bokitin ruwa.

Game da fenti da ka ambata, ni ba zan ba ka shawarar sa ba, sai in mai aikin ne da kansa ya zaɓa. Abin da ya fi shi ne ka kai masa guntun gwajin da ka gama har da banish, ka nuna masa launin da malaina za ta iya bayarwa, ka kuma bayyana masa cewa za ta yi duhu mai kyau iri ɗaya amma jijiyarta ba za ta zama ta madaci ba. In ya amince, ka sa ya riƙe rabin guntun, kai ka riƙe rabi, ka rubuta ma'aunin silan da na launin a bayan naka. Kujerun teburin, idan ba ka riga ka shafa musu komai ba, ka bi da su ta wannan ma'aunin tun daga farko, kuma ka dama launin feshin da zai ishi teburi da kujeru a gwangwani ɗaya don kada su bambanta.